Motar Da Ba A Murɗa Mata Makulli: Me Uwargida Ta Sani A Kanta?

 

Duk wadda ta taɓa yin hutun Sallah a Kafinsoli, ko cikin garin Kankia, ko Kusada, ta san yadda ƙofar gidaje kan cika da motoci a waɗannan 'yan kwanaki. 'Ya'ya da ƙanne masu aiki a Abuja da Kaduna da Kano sun zo gida, kowa da abin hawansa. In kin lura da kyau, a cikin motocin nan akwai waɗanda ba a zura musu makulli ko kaɗan. Mai mota zai shiga ya zauna, makulli na cikin aljihun kaftaninsa, ya danna wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari, sai kawai ki ji inji ya tashi. Yara su kewaye motar suna kallo, mu kuma mata mu leƙo ta zaure mu ce, "Oh, zamani ke nan," mu koma bakin aikinmu.

To amma ki ɗauka a ce irin wannan motar ce a gidanki. Ƙarfe biyu na dare ciwo ya turnuƙe maigida, ko kuma naƙuda ta taso wa abokiyar zamanki, ana so a garzaya Babban Asibitin Kankia. Maƙwabcin da aka taso ya iya tuƙi sarai, amma bai taɓa shiga mota mai maɓalli ba. Ya danna, fitilu sun kama, rediyo ya kama, inji kuwa shiru. Ya sake dannawa, ya kuma dannawa, komai ya mutu. Kowa ya juyo yana kallonki domin ke ce matar gida. Me za ki ce masa?

Amsar ba ta wuce kalmomi biyar ba: "Taka birki sannan ka danna." Kin ga ashe rashin sani ya fi dare duhu. Sai dai kuma ta da motar shi ne mafi sauƙi a cikin sha'aninta. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kashe ta, da kuma wajen ajiye makullinta a gidan da ke da yara.

Daga ina abin ya samo asali?

Motocin farko da hannu ake ta da su, a zura wani ƙarfe ta gaba a yi ta juyawa har inji ya kama. A shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tashi da lantarki, a 1949 kuma kamfanin Chrysler ya kawo tsarin da muka tashi muka tarar, wato a zura makulli a murɗa mota ta tashi. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya fara sa wa manyan motocinsa tsarin da ba sai an ciro makulli daga aljihu ba. Da farko abin na masu hannu da shuni ne, daga baya ya sauko kan motocin da muka saba gani. Wasu daga cikin Toyota Camry ƙirar 2007 sun zo da shi, haka ma wasu Honda Accord ƙirar 2013. Kafin shekarar 2018, fiye da rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka masu maɓalli ne. Tunda kuwa da yawa daga cikin motocin da muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam na hannu ne da aka gama hawa a can, to babu makawa sai sun ƙara yawa a garuruwanmu.

Yadda take gane mai ita

Wannan ɗan rimot da maigida ke sawa a aljihu, shi da motar magana suke yi da juna ta siginar rediyo wadda kunne ba ya ji. Idan mai rimot ya matso kusa da ƙofa, kamar taku ɗaya, motar za ta tambayi rimot lambar sirrinsa, in ta dace sai ƙofa ta buɗu da an kama hannunta. Idan an shiga an danna maɓalli, sai ta sake bincikawa ko rimot ɗin yana cikinta. In ba ta same shi ba, ko sau ɗari aka danna ba za ta tashi ba. Abin lura a nan shi ne, motar ba ta san fuskar kowa ba. Rimot kawai ta sani. Duk wanda ke ciki tare da shi, babba ne ko yaro, shi ne mai mota a wurinta.

Yadda ake ta da ita

Da farko a tabbatar rimot yana cikin motar, ko a jaka ko a aljihu. A duba giya tana kan harafin P. A taka birki sosai a riƙe, sannan a danna maɓallin sau ɗaya a saki. A yawancin motoci an rubuta ENGINE START STOP a jikinsa. In motar mai giyar hannu ce, to kuloci ake takawa har ƙasa.

Idan aka danna ba tare da taka birki ba, inji ba zai tashi ba. A motoci irin su Toyota, dannawar farko rediyo take kunnawa, ta biyu ta kunna duk fitilun gaban direba da tagogi, ta uku ta kashe komai. Wannan shi ne abin da ya rikita maƙwabcin nan namu. Barin mota a wannan hali na tsawon lokaci, misali yara na ciki suna jin rediyo, yana shanye batirinta. Mota otomatik kuwa ba a tura ta ta tashi, ko da samarin unguwa duka aka tara.

Wani lokaci sitiyari kan kulle, a danna mota ta ƙi tashi. Kada a tsorata, a riƙa ɗan motsa sitiyarin dama da hagu ana danna maɓallin, zai saki. Akwai kuma motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius. Su waɗannan ko sun tashi mai yiwuwa ba za ki ji ƙarar komai ba, sai dai ki ga kalmar READY ta haska a gaban direba. Muddin kalmar nan na haskawa, motar a kunne take.

Kashe ta shi ne babban aiki

Uwargida, tsohon makulli yana da wani amfani da ba mu taɓa gode masa a kai ba. In dai yana hannunki, kin san mota a kashe take. A yawancin motoci otomatik ma ba ya zaruwa sai an mai da giya kan P. Wato shi kansa makullin shaida ne. Motar maɓalli ta raba mu da wannan shaida, domin mutum zai iya fita da rimot a aljihunsa, ya rufe ƙofa, ya shige gida, alhali inji na aiki. Injinan yanzu ba su da ƙara, ga hayaniyar yara masu oyoyo, ga kaya ana saukewa, ga waya a kunne. Motar takan yi ɗan ƙara na gargaɗi, amma ba kowa ke ji ba, musamman dattijon da jinsa ya ragu.

A shekarar 2018 jaridar New York Times ta Amurka ta yi bincike, ta gano cewa daga 2006 zuwa lokacin aƙalla mutum 28 sun rasu, wasu 45 kuma sun jikkata, saboda an bar irin wannan mota a kunne cikin garejin da ke manne da gida, hayaƙi ya bi su har ɗakin kwana. Wannan ya sa wasu kamfanoni suka ɗauki mataki. Toyota, alal misali, ta fara sa wa yawancin motocinta ƙirar 2020 tsarin kashe kansu in an bar su a kunne na wani lokaci. Sai dai mafi yawan motocin da ke iso mana sun girmi wannan gyara, saboda haka kada a dogara da shi.

Kada ki ce ai wannan matsalar Turawa ce. Dubi yadda ake gina gidajenmu yanzu: gareji a gaba, jikin zaure ko jikin turakar maigida ko ɗakin samari, wani lokacin har da ƙofar da ta haɗa su. Ga kuma lokacin hunturu da ake toshe kowace taga. Gubar da ke cikin hayaƙin mota ita ce dai ta hayaƙin janareta wadda muke jin ta hallaka iyali guda a dare ɗaya. Sunanta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da za a iya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Mai barci kuwa ba ya ma farkawa balle ya ji. In kika ga mutanen gida biyu ko uku sun kama ciwon kai a lokaci guda, maza a fita da kowa fili, a buɗe ƙofofi, a kashe abin da ke hayaƙin, a tafi asibiti ko da an ji sauƙi.

Ga yadda ya kamata a saba kashe ta, kullum ba fashi. A tsaya cak, ƙafa na kan birki. A mai da giya kan P. A ja birkin hannu. A danna maɓalli. Sannan a dubi gaban direba a ga duk fitilu sun mutu kafin a buɗe ƙofa. Maganar P ɗin nan ba ƙarama ba ce, domin wasu motocin suna yarda a kashe inji giya tana kan D ko N, in ƙofar gida na da gangare sai mota ta silale, a daidai wurin da yara ke wasa. Ke kuma uwargida, ko ba ke ke tuƙi ba, ki mai da shi al'adarki: yadda kike zagayawa da dare ki duba murhu da ƙofa da akurkin kaji, ki ƙara da leƙa gareji. Ki saurara, ki dubi gaban motar ko akwai haske.

Rimot ba abin wasan yara ba ne

Sau nawa jariri ke kuka a miƙa masa makullin mota don ya yi shiru? Da tsohon makulli abin da sauƙi, amma wannan dabam ne. Yaron da ke riƙe da rimot zai iya buɗe mota ya shiga shi da abokansa. Zai iya danna maɓalli tagogi su samu wuta, kuma gilashin taga mai lantarki yana iya maƙure wuyan yaron da ya leƙa kai. In ɗan shekara takwas ko tara ne wanda ƙafarsa ke kai wa birki, to zai ta da motar, domin ya sha ganin yadda babansa ke yi.

Ga kuma zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Katsina kan kai digiri 40, cikin motar da aka rufe kuwa yakan ƙaru da kusan digiri 10 a minti goman farko kawai. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar fiye da na babba. A watan Disamba na 2021 an samu gawarwakin yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na jihar Legas, Allah Ya kiyashe mu da irin wannan rana. Wannan hatsari ne na kowace irin mota, amma motar da ke buɗuwa da taɓa hannun ƙofa ta fi sauƙin shiga ga yaron da ya samu rimot. Saboda haka mota ta kasance a kulle ko a cikin gida take, rimot kuma a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. In an nemi yaro an rasa, a fara duba cikin mota da but ɗinta kafin a tafi gidajen maƙwabta.

Ɗan batirin da ke ciki

A cikin rimot akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, galibi mai lamba CR2032, wasu kuma CR2025 ko CR1632. Yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu. In ya fara rauni za a ga sai an matso sosai ƙofa ke buɗuwa, ko motar ta rubuta gargaɗi. Ana samun sa wurin masu gyaran agogo da shagunan kayan waya. A duba lambar tsohon a sayi irinsa, kuma yana da kyau a ajiye guda a gida, don kada a wayi gari sai an je Katsina ko Kano saboda abin da bai kai girman ƙwallon goro ba.

In kuwa ya mutu ana kan hanya, ba a makale ba. A jikin rimot akwai ɗan maƙale da ake turawa a zaro siririn makullin ƙarfe, da shi ake buɗe ƙofar direba. In an shiga, a motoci irin su Toyota da Honda sai a taka birki, a manna rimot ɗin a jikin maɓallin, a ji ɗan ƙara, sannan a danna. Wasu motocin kuma suna da ɗan rami na musamman da ake zura rimot. Littafin motar zai nuna wanda ya shafi taku.

Amma uwa, ki kula da wannan: batirin nan yana cikin abubuwa mafi hatsari da yaro zai haɗiye. In ya tsaya a maƙogwaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu. In haka ta faru, kada a sa shi amai, kada a ce bari a ga safiya, a nufi asibiti nan take a gaya musu batir ne, domin a ɗauki hoto. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. Likitocin da suka ƙware kan guba suna ba da shawarar cewa in yaron ya wuce shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma ba a yi awa 12 da faruwar abin ba, a riƙa ba shi zuma cokalin shayi biyu kowane minti goma, har sau shida, a kan hanyar asibiti. Zumar tana rage ƙunar ne kawai, ba ta maye gurbin likita, kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara ba. Tsohon batir da aka cire shi ma yana ƙuna, kada a yar da shi a tsakar gida.

Ranar wanki kuma, ki laluba aljihun maigida kafin ki jiƙa kaya. Rimot ba ya shiri da ruwa, kuma yin sabo sai an kai motar wurin masu haɗa shi da kwamfuta, da kuɗi masu kauri. Sau da yawa motocin hannu da rimot ɗaya suke zuwa, don haka ki tuna wa maigida ya yi na biyu tun na farkon yana nan. Kada kuma a ajiye shi jikin talabijin ko cajar waya, yana sa batirinsa saurin ƙarewa.

In makulli ya bi maigida

Ga wani abin da ke ba mutane kunya. A ce kun fito tare, maigida ya sauka a Kankia da rimot a aljihunsa, direba ko ƙaninsa ya wuce da ku biki Kusada. Motar za ta yi ƙara, ta nuna alamar makulli, amma ba za ta mutu ba, za ta kai ku har ƙofar gidan biki. Da zarar an kashe ta kuwa, shi ke nan, ba ta sake tashi sai rimot ya zo. Don haka duk lokacin da aka canja direba mota na kunne, ki tambaya da bakinki, "Makullin yana wurin wa?" In an riga an yi nisa kafin a farga, kada a kashe, a juya a karɓo.

In totur ya maƙale

A watan Agusta na 2009, kusa da birnin San Diego na Amurka, mutum huɗu 'yan gida ɗaya sun rasu a cikin wata Lexus mai maɓalli, bayan shimfiɗar ƙasan motar ta danne totur, mota ta yi ta gudu. Motar aro ce, ba tasu ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, in mota na tafiya, danna maɓalli sau ɗaya ba ya kashe ta, an yi haka ne don kada a taɓa shi bisa kuskure. Sai an danna an riƙe kamar daƙiƙa uku, a wasu motocin kuma a danna sau uku a jere da sauri. Matakin farko dai shi ne a taka birki da ƙarfi a riƙe, a mai da giya kan N, a gangara gefen hanya. Kashe inji ana tafiya shi ne na ƙarshe, domin sitiyari da birki za su yi tauri. Darasin da ke nan gare mu shi ne a daina jibga kafet a kan kafet a ƙarƙashin ƙafar direba, kuma kada a bar robar ruwa ko takalmin yaro na yawo a wurin.

Ina ake rataye shi?

A ƙasashe irin su Ingila da Jamus ɓarayi sun gano dabarar amfani da na'urar da ke janyo siginar rimot daga cikin gida zuwa wurin mota, sai ta ɗauka mai ita ne ya zo. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gwada ɗaruruwan motoci ta samu mafi yawansu suna buɗuwa ta haka. Maganin ba tsada: kada a rataye rimot a ƙusar bakin ƙofa ko jikin tagar da ke kallon mota. A sa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi a can cikin ɗaki. Don ki tabbatar gwangwanin na aiki, ki rufe rimot a ciki ki je da shi jikin motar ki kama hannun ƙofa. In ta ƙi buɗuwa, to ya yi. Kin ga jifa ɗaya tsuntsu biyu: ya tsira daga ɓarawo, ya kuma tsira daga hannun yara.

Aikin wannan wata

Uwargida, sanin yadda ake ta da mota bai mai da ke direba ba. Mai son tuƙi sai ta koya a wurin da ya dace, ta kuma mallaki lasisi. Amma wannan ilimin da muka zayyana na kowace matar gida ne, mai tuƙi da wadda ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Ki nemi lokacin da maigida ya huta, ya ci ya sha, ki ce, "Abban yara, don Allah ina so ka nuna mini motar nan, saboda halin dare." Ku zauna ciki minti goma sha biyar, ƙofar gareji a buɗe. Ki ta da ita da kanki, ki kashe da kanki, ki zaro siririn makullin nan ki mai da shi, ki ga inda ake manna rimot in batir ya mutu. In da abokiyar zama ko babbar 'ya a gidan, a kira su su ma su gani. Sannan ku yanke wuri ɗaya da rimot zai riƙa kwana, wanda manyan gida duk suka sani, yara kuma ba sa kaiwa.

Allah Ya tsare mana iyalanmu a gida da kan hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, a shafa mini kan yara.